Ragowar Gahawar Yaya Ishaku

Talata, 2 ga Agusta, 1988, ƙarfe goma na safe

Littafin awon ɗinkina ne wannan, na juya shi ta baya. In ban zuba abin nan a wani wuri ba ƙirjina zai fashe, kuma gidan daga ni sai Baba.

Yau kwana biyar da motar da Yaya Ishaku ya shiga ta zame a gangaren dutsen Mambila. Ba zan rubuta kalmar ba. An riga an yi abin da ake yi tun a ranar, can Gembu inda yake aikin malamin dabbobi. Baffa Garba, ƙanin Baba, ya tafi can gaisuwa jiya. Kafin ya tafi ya tsare ni a zaure ya ce, "Sharifa, Yaya Ladan, babanki, ba zai ji ba. Wata biyu kacal da shanyewar ɓarin jikinsa, kin ji abin da likita ya ce, ko faɗuwar kwano kada ta razana shi. Masu gaisuwa gidana za su je. Ke ki wanke fuskarki ki shanye, sai ya fara takawa."

Na ce to. Ni Sharifa da duk unguwar Fadikpe aka sani bakina ba ya riƙe magana, ni aka ba wa wannan ajiya.

Da a ce ɓoye hawaye ne kawai da na iya. Gahawa ce matsalar. Tun Baba yana akawun tashar jirgin ƙasa wani Basudane ya koya masa shanta, har yau ba ya karyawa sai da ita, kuma likita ya bar masa ɗan kofi guda da safe. Ta gari ba ta yi masa. Yaya ne ke sayen ta Mambila, ya soya da hannunsa, ya cika gwangwanin madara, ya liƙe bakin da kaki, ya ba direba. Duk ƙarshen wata gwangwani yana isowa. Muddin akwai gahawa a kofin Baba, to a wurinsa Ishaku yana nan lafiya. Na ƙarshen ya zo kafin Babbar Salla, yau na leƙa, ya ɗan wuce rabi.

Laraba, 3 ga Agusta, bayan azahar

Tsohuwar butar Baba cokali uku take ci, a tafasa a juye a bar gari a gindi. Da wannan tafiya ko mako biyu ba za mu kai ba.

Alhamis, 4 ga Agusta, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na je kasuwa kantin Ndanusa, ɗan Bida mai kayan girki. Na ce tukunyar gahawa nake so, wadda ba ta cin gari da yawa. Ya kalle ni ya yi dariya, wai tun da ya buɗe kanti bai ga tela mai shan gahawar Turawa ba. Na ce masa ba hira na zo ba.

Uku ya sauko da su. Ta farko mai lantarki ce da kaskon gilashi, sai sheƙi take. Ya ce, "Wannan na manyan ma'aikata ne, Hajiya." Na ce a unguwarmu wuta baƙuwa ce, ta zo ta gaisa ta tafi, kuma takardar tacewarta sai an aika Kaduna. Ta biyu doguwa ce mai ɗan gilashi a murfi, ruwa ya riƙa hawa yana sauka ta cikin garin. Ya ce ta mutum shida ce. Mutum shida! Ina na ga mutum shida? Ta uku 'yar ƙarama ce ta alminiyam mai hawa biyu, ana murɗe ta a tsakiya, ruwa a ƙasa, gari a ɗan mazubi, a ɗora a risho tururi ya turo gahawar sama. Ya ce Turawan da ke aikin dam ɗin Shiroro ne ke sayenta. Cokali ɗaya da ɗan kai take ɗauka, ta fitar da kofi guda mai ƙarfi, in an so a tsinka da ruwan zafi.

Ita na ɗauka. Yana naɗe min ita a jarida ya ce, "Allah ya sa maigida ya ji daɗi." Na kusa fashewa da kuka a gaban tiren silba da kwanukan samira, na ja mayafina na fito ko sallama ban yi ba.

Juma'a, 5 ga Agusta, da hantsi

Baba ya ga sabuwar tukunya ya ce, "Me ya sami butata?" Maganarsa a hankali take fita yanzu, amma ras take.

Na ce, "Ta huje, Baba."

Ba ta huje ba. Tana ƙarƙashin tarin yadin mutane a ɗakin ɗinki.

Ya kurɓa, ya juya a baki, ya ce ba laifi, 'yar tukunyar nan tana da zuciya. Sai ya ce, "Ki rubuta wa yayanki ki ba shi labari, zai so irinta." Na ce to Baba. Na fita tsakar gida na yi ta wanke kofin da na riga na wanke.

Lahadi, 7 ga Agusta, bayan la'asar

Ruwa tun safe. Ban ɗinka komai ba.

Laraba, 10 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya na safe

Baffa ya dawo jiya. Ya shiga ya gaida Baba, ya ce Legas ya je kan harkar kaya. Yadda ƙarya ke fita bakinsa sumul har haushi ya ba ni, sai na tuna tawa ma haka take fita yanzu.

Na bi shi zaure na ce, "Baffa, ko ka taho da gahawa?"

Ya ce, "Gaisuwa na je ko cefane? Kin ga halin da Azumi take ciki da yaran nan kuwa?"

Azumi matar Yaya. Ta shiga ɗaki, wata huɗu da kwana goma. Kunya ta rufe ni. Wallahi ban tambayi lafiyarta ba sai da na tambayi gahawa. Na yi tunanin rubuta mata ta soyo ta aiko, to da wane baki? In ce ta tashi daga kan tabarmarta ta kunna murhun mijinta don mu ci gaba da yaudarar ubansa? Ba zan iya ba.

Asabar, 13 ga Agusta, da safe

Ƙamshin ya fara gudu. Da in na buɗe gwangwanin har makwabta sai sun ji, yanzu sai na kai hanci. Baba ya lura kafin ni. Ya ce, "Ta fara sanyi. Damina ce. Iska da laima da zafi, su ne masu kashe ta. Kada ki niƙa sai abin da za ki dafa, ki rufe murfin da wuri, kada ki tsaya kallo." Kullum da ɗan injin hannunsa nake niƙawa a gabansa, yana kwance yana gyara min, wai na cika garaje.

Sai ya ce, "Ba komai, saura kaɗan sabuwa ta iso."

Gobe zan sami Baffa in ce na gaji.

Lahadi, 14 ga Agusta, bayan azahar

Ban je ba.

Litinin, 15 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Mariyamu makwabciyata, matar Tsado, ta san komai, ita ke zauna min da Baba in zan fita. Na gaya mata batun ƙamshin. Ta ce da gurguwar Hausarta, "Haba Anti Tela, kawo shi mu sa a firiji mana. Abin da ya shiga firiji ba ya lalace. Zoɓo na kwana huɗu yana nan daram."

Firijin da take sana'ar zoɓo da kunun aya ne. Na ga ai gaskiya ne, Baba ya ce zafi na kashe ta, to ga sanyi. Na ɗebi na kwana biyar na zuba a kwalbar man shafawa da na wanke tas, sauran na bar shi a gwangwanin, na danna murfi, ta tura shi can ciki. Har na ji wani sauƙi-sauƙi, yau na gama rigar wata amarya da na yi mako ina ja.

Alhamis, 18 ga Agusta, da hantsi

Baba ya miƙe tsaye da sanda, ni ina riƙe da kafaɗarsa. Taku uku daga gado zuwa kujera. Ya yi dariya, rabin bakinsa kawai ke yi, ya ce, "In Ishaku ya zo hutun Disamba da ƙafata zan tare shi a zaure."

Na yi murna, wallahi na yi murna. Kuma na ji tsoro, don Baffa cewa ya yi sai ya fara takawa, ga shi ya fara. Wace irin 'ya ce ke jin tsoron warkewar ubanta?

An ɗauke wuta tun jiya.

Asabar, 20 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ta kwalba ta ƙare, na je ɗauko gwangwani. Ashe ranar Talata 'yan'uwan Tsado sun kawo musu ɗanyen kifi daga bakin Neja, Mariyamu ta cusa a firijin, sannan wuta ta tafi kwana uku. Tana buɗe ƙofar na ja baya. Kifin ya narke, ruwansa ya malale, gwangwanin sai gumi yake. Na buɗe. Ƙwayoyin sun jiƙe, sun yi laushi, kuma ƙarni, ƙarni tsantsa. Duk abin da ke cikin firijin nan gahawar ta zuƙe shi, har albasa.

Mariyamu ta ɗora hannu a ka tana, "Wayyo Anti, ka yafe ni, ni ban san yana shan wari ba." Na zazzaga mata masifa, na ce mata abin da ba ya faɗuwa, matar da ke wanke wa ubana kwano. Ita ta ja ni ta kai? Ni na ɗauka da hannuna na kai. Baba ya ce laima na kashe ta, na ji da kunnena, na zaɓi rabin maganar da ta yi min daɗi.

Hannun Yaya ne ya soya ƙwayoyin nan. Shi ke nan abin da ya rage, na kai shi cikin kifi.

Asabar ɗin dai, bayan la'asar

Na shanya a faranti, rana ta ƙi fitowa. Na zuba a kasko na sake soyawa a wuta kaɗan ko ƙarnin zai tashi. Rabi ya ƙone. Na tsince masu dama-dama ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar shinkafa.

Na je na ba Mariyamu haƙuri. Ta rungume ni, muka yi kuka a bayan ɗakin girkinta inda Baba ba zai ji ba.

Lahadi, 21 ga Agusta, da safe

Na dafa, na zuba citta da kanumfari don su rufe. Ya kurɓa. Ya tsaya. Ya kalli kofin, ya kalle ni. Na sa ido a kan injin niƙa. Ya shanye tas bai ce komai ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Laraba, 24 ga Agusta, bayan azahar

Na sami Baffa a shagonsa. Na ce Baba yana takawa, lokaci ya yi. Ya ce taku uku ba takawa ba ne, a bari likita ya sake auna jininsa a wata mai kamawa. Na ce, "Baffa, ni ce ke kallon idonsa kullum." Ya ce, "In kika faɗa ya faɗi, ke za ki ɗauka?" Na juya na dawo gida.

Gaskiyar ita ce na ji daɗin da ya hana. Na tafi ne don a hana ni.

Juma'a, 26 ga Agusta, da hantsi

Kullum yana shanyewa. Kullum ba ya cewa komai.

Talata, 30 ga Agusta, ƙarfe uku na yamma

Yau ya ce in ɗauko biro da takarda. Ya ce, "Rubuta. Zuwa ga Ishaku. Bayan gaisuwa, wata ya mutu ban ga saƙo ba. In aiki ne ya yi yawa, Allah ya taimaka. In fushi kake don na ce ka nemi canji ka dawo kusa, na janye, zauna inda kake jin daɗi. Na fara takawa. Ƙanwarka tana ƙoƙari amma hannunta bai faɗa ba tukuna. Ka gaida Azumi da yara." Ya karɓa ya sa hannu da hagu, harafin duk a karkace.

Ya ce in kai tasha in ba direban Yola. Na yafa mayafi na fita, na zaga bayan masallaci na tsaya har ƙafata ta gaji, na dawo na ce na bayar. Takardar tana nan tsakanin shafin nan da na baya.

Yana zaton fushi ake da shi. Tsoho yana kwance yana ba ɗansa haƙuri, ni na ja masa wannan.

Alhamis, 1 ga Satumba, bayan la'asar

Saura na kwana biyu, shi ma ƙonanne. Na koma wurin Ndanusa. Ya ce yana da wani ɗan'uwa direban Kaduna, akwai kantin da ake sayar da ƙwayar gahawa soyayya a leda, ta ƙasar waje. Na ce a kawo min.

Na san abin da nake shirin yi, ba sai na rubuta ba.

Asabar, 3 ga Satumba, ƙarfe biyu na rana

Ta iso. Ƙamshi kam akwai, ƙwayoyin ma sun yi kama. Na sami gwangwanin madara irin na Yaya, na wanke da toka, na shanya, na cika, na narka kyandir na bi bakin da shi. Sau uku ina ɓarewa ina sakewa don ya yi irin nasa. Na naɗe a takardar siminti na ɗaure da igiya, na rubuta sunan Baba da manyan baƙaƙe, ina kwaikwayon rubutun Yaya. Aikin ya fita sumul kamar na saba, wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Allah ka gani. Don kada ya kwana da zaton ana fushi da shi ne.

Lahadi, 4 ga Satumba, bayan azahar

Da safe na shiga da ƙunshin na ce, "Baba, saƙo ya iso."

Fuskarsa ta washe. Ya ce in ɗora masa a cinya. Ko can shi ke buɗe gwangwanin da kansa a ɗakinsa, ba ya bari kowa ya taɓa, ni sai dai a miƙo min in ajiye. Na kwance masa igiya, ya sa farcen hagu ya kankare kakin, ya ɗaga murfin. Bai ko shinshina ba. Murfin ya juya ya duba cikinsa. Ya sa yatsu a cikin ƙwayoyin yana lalube, ya tura har wuyan hannu, suna zubewa a kan zanin gado. Ya ɗauki takardar simintin ya karkaɗe.

Ya ce, "Ina takardar?"

Na ce, "Wace takarda, Baba?"

Ya ce, "Shekara tara yana aiko min. Bai taɓa rufe gwangwani ba sai ya ninke 'yar takarda ya sa a ƙarƙashin murfi. Ko layi biyu ne."

Ban sani ba. Wallahi ban taɓa sani ba. Tsakaninsu ne su biyu.

Na buɗe baki in ce ƙila mantawa ya yi, sai na ga ƙaryar ta ƙare. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya mayar da murfin a hankali, ya ce, "Kwana nawa?"

Na durƙusa. Na ce, "Talatin da takwas."

Ya ce, "Mota?"

Na ce, "Mota, a gangaren dutse."

Na riƙe ƙafarsa ina jiran abin da likita ya faɗa, ina jiran ya sulale. Bai sulale ba. Ya yi salati sau uku, hawaye na bin gefen fuskar da ba ya motsi. Ya ce, "Tun ranar da kika ba ni mai ƙarnin kifi na ga idonki, zuciyata ta raya min, na ƙi tambaya." Sai muryarsa ta canza. Ya ce, "Kwana talatin da takwas ina roƙon Allah ya tsare min shi a hanya. Yaro yana kwance yana jiran addu'ar ubansa, ni ina yi masa ta masu rai. Wa ya ba ku wannan?"

Na ce likita, na ce Baffa, na ce tsoro. Ya zare ƙafarsa daga hannuna ya ce in kira masa Garba, in kuma ja masa ƙofa.

Litinin, 5 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Bai yi min magana ba. Mariyamu ce ta kai masa abinci, ya ci kaɗan. Baffa ya fito daga ɗakin jiya idonsa jajur, ya ce a share zaure, ranar Talata a nan za a yi addu'ar arba'in, ba a gidansa ba.

Ban dafa ba yau. Bai nema ba.

Talata, 6 ga Satumba, bayan azahar

Da sanda ya fita zaure, Baffa a gefe guda, Tsado a ɗaya. Ya zauna ya karɓi gaisuwar kowa, tsofaffin 'yan reluwe duk sun zo. Ina daga ciki ina jin muryarsa yana amsawa.

Da aka watse aka dawo da shi, ina tsugune ina tattara kwanukan sadaka, ya tsaya a kaina. Na ƙi ɗagowa. Ya ce su sake shi, ya dafa kaina da hannun nan mai lafiya, ya daɗe.

Ya ce, "Abin da kuka yi ba daidai ba ne, kuma ba yau zan huce ba."

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya ce, "Amma kowa ya gaishe ni, ni ban gaishe ki ba. Ke ma yayanki ne ya rasu. Sharifa, ya haƙuri?"

Na san amsar, tun ina yarinya na san ta. Na kasa faɗa.